Waɗanda suka taɓa kallon Hotel Rwanda, yaya kuka ji da shi?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina kwashe tarkace a kwaba na tsinci tsohon faifan Hotel Rwanda, fim ɗin nan na 2004 da Don Cheadle ya fito a matsayin Paul Rusesabagina, manajan otal ɗin Mille Collines na Kigali, inda mutum 1,268 suka fake lokacin kisan kiyashin Ruwanda na 1994. Na saka, amma ko rabi ban kai ba na kashe. A da can da samartaka na kalle shi har sau uku, yanzu da nake da 'ya'ya na kasa. Ku fa?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Ni wurin da motarsu ke ta tangal-tangal cikin hazo da asuba, Paul ya sauko ya ga ashe gawarwaki suke takawa, nan na tashi na bar falon. Ranar tuwon dare bai shiga ba.

Ɗan Rigasa: Hajiya, ni rediyon ne ya karya ni. Gidan rediyon RTLM na ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi da "inyenzi", wato kyankyasai, mutane kuma na wasa adda. Ina Kaduna lokacin rikicin 2000. Kwana biyu muka yi a ɗakin wani maƙwabcinmu da ba addininmu ɗaya ba, matarsa na kawo mana gari da ƙuli ta taga, muna jin ihu a layi. Da aka zo a fim ɗin inda aka kwashe Turawa a bas aka bar baƙar fata tsaye cikin ruwan sama, sai na ji hannuna na rawa. Abokaina a gidan kallo suna ta gardamar ko Cheadle ya iya karin harshen Ruwanda, ni kuwa na sulale waje.

Malam Na-Zinder: Allah Ya kiyaye gaba, ɗan uwa. Ni fa tun da na ji wasu da suka tsira a otal ɗin suna cewa Rusesabagina ya riƙa karɓar kuɗin ɗaki da na abinci a hannunsu, sai fim ɗin ya sire mini. Kuma akasarinsa a Afirka ta Kudu aka ɗauka.

Baban Hanifa: Malam, ai wannan zargin sai da ya fara sukar shugaban Ruwanda Kagame ya yi ƙarfi. A 2005 shugaban Amurka Bush ya rataya masa lambar yabo, a 2020 ya hau jirgi a Dubai ya tsinci kansa a Kigali cikin ankwa, a 2021 aka yanke masa shekara 25 kan ta'addanci, sai Maris 2023 aka sake shi. Wa za ka gaskata?

Malam Na-Zinder: Ban ce bai ceci kowa ba, Alhaji. Amma a kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana ɗari, sai a ƙare da iyali sun haɗu ana murmushi?

Maman Sadiq: Ni dai Sophie Okonedo ce ta zauna mini a rai, matar da ta fito a Tatiana, matar Paul, har aka sa ta takarar Oscar. Mahaifinta ɗan Najeriya ne. Baban Hanifa, in faifan bai karce ba, ka ajiye mini, zan aiko Sadiq ranar Asabar.