Kilo 14 cikin wata takwas: wai wannan ne maganin?

SabonShafi: Jama'a ku bar ni in huce. Wata takwas ke nan da aka ɗora ni kan methadone, maganin da ake ba mai son barin ƙwaya, bayan shekaru ina fama da tramadol da kodin. Kilo 14 na ƙara. Wandon da bara sai na ɗaure da igiya, yau maɓallinsa ya ƙi haɗuwa. Tsakar dare in farka ina neman zaƙi kamar ƙaramin yaro, ga zufa ko ana sanyi, bayan gida kuwa sai in kwana uku. Jiya yayata ta kama kumatuna tana murna wai na murmure. Maganin nan ƙiba yake sawa, kuma ba wanda ya faɗa min.

GaskiyaƊaci: Magani? Ɗan'uwa, ka bar ƙwaya ka koma ƙwaya mai takardar likita, shi ke nan.

AntiNas: Malam, a tauna magana kafin a furta. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa methadone da buprenorphine cikin jerin muhimman magunguna. Sau ɗaya ake sha a rana, ya kwantar da ciwon jiki da ƙishin ƙwayar, mutum ya iya fita neman abincinsa.

GaskiyaƊaci: Dangin su tramadol ne ko ba danginsu ba ne? E ko a'a.

AntiNas: E. Mai ciwon sukari ma kullum yake allurar insulin, ka taɓa kiran sa ɗan ƙwaya?

UwarBiyu: Haba Anti! Maigidana shekara tara yana wannan allurar. Shi ya je ya sayo ciwon da kuɗinsa? Kar ki ƙara haɗa su.

AntiNas: Hajiya, misali na kawo.

UwarBiyu: To ki nemi wani misalin.

ƊanSuboxone: Ni shekara biyu ina sa Suboxone, mai ɗauke da buprenorphine ɗin nan, ƙarƙashin harshe, ko kilo uku ban ƙara ba. Methadone ɗin ne matsalar.

GaskiyaƊaci: Kai da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso ku.

ƊanSuboxone: Wanda bai taɓa kwana yana rawar ɗari da amai ba shi ya fi kowa iya wa'azi.

SabonShafi: Ni fa maganar ƙiba na kawo. Ina ma tunanin in fara rage shi da kaina.

AntiNas: Kul, ƙanina! Idan ka yanke, jikinka zai manta yawan da ya saba ɗauka, ranar da ka koma wa tsohon adadin numfashi na iya tsayawa. Wani ɓangaren ƙibar naman da ƙwaya ta cinye ne yake dawowa, wani kuma zaƙin daren nan ne, methadone na sa kwaɗayinsa. Danna ƙaurinka da yatsa. In wurin ya lotsa bai taso da wuri ba, ruwa ne ya taru, ka nuna wa likitanka.

GaskiyaƊaci: Kun ji ko? "Kul." Sun ɗaure shi har abada.

UwarBiyu: Har yanzu ban ji an ba ni haƙuri ba.

ƊanSuboxone: A matsayina na mai kula da zauren nan bari in taƙaita. An amince methadone ke sa ƙiba, Suboxone kuma ya fi sauƙi a jiki. Ya kamata SabonShafi ya nemi likita ya canza masa. Masu cewa ba magani ba ne ba su kawo hujja ko ɗaya ba.

AntiNas: Wa ya amince? Kai kaɗai ka auna kanka.

ƊanSuboxone: An rufe.