Muhawara: SKS ɗin Baban Khalifa, bindigar soja ce ko ta farar hula?

Baban Khalifa, Houston: Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. A watan jiya na sayi bindiga ƙirar SKS a shago mai lasisi, na cika fom 4473 na mai sayen bindiga, aka binciki tarihina kamar yadda dokar Amurka ta tanada, na kuma kulle ta a akwatin ƙarfen da ni kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa. Da surukina ya ji labari, sai ya tsaya a tsakiyar falo, a gaban matata da 'ya'yana, ya ce na shigo da bindigar soja gidan da jikokinsa ke kwana. Shin ya dace a yi wa magidanci haka a gidansa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri ɗan'uwa, amma dattijon bai faɗi ƙarya ba. Simonov, maƙerin makamai ɗan Rasha, ya ƙera ta a 1945 domin sojojin Tarayyar Sobiyat, harsashinta 7.62x39 ne, irin na AK-47, kuma da yawa daga cikinsu suna zuwa da wuƙa maƙale a ƙasan baki. Mafarauci ba ya buƙatar wannan wuƙar.

Injiniya Lawal: Malam Habu, ka kama asali ka saki aiki. Bindigar da soja ke riƙewa a yau tana ɓarin wuta muddin yatsa na kan kunama, ita kuwa SKS duk dannawa ɗaya harsashi ɗaya take fitarwa, kuma guda 10 kawai take ɗauka. Tun 1986 aka hana sayar wa farar hula sababbin bindigogi masu ɓarin wuta a Amurka, saboda haka wadda aka sallama daga aikin soja aka sayar a shago ta zama ta farar hula.

Hajiya Maman Zara: Injiniya, bindigar da aka shiga da ita makarantar garin Uvalde da ke jihar Texas a 2022 ita ma harsashi ɗaya take fitarwa a kowace dannawa, kuma ta kashe yara 19 da malamai 2 a jihar da Baban Khalifa yake zaune. Ka je ka gaya wa iyayensu cewa ba ta soja ba ce.

Injiniya Lawal: Hajiya, wannan samfurin AR-15 ce, ba SKS ba, kada mu haɗa kaza da zabo.

Ɗan Gusau: Ku da kuke Amurka kuna da sararin gardama a kan suna. Mu nan, a 2022 gwamnatin Matawalle ta Zamfara ta ce mu nemi lasisin bindiga mu kare kanmu, Janar Irabor, babban hafsan tsaron Najeriya a lokacin, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin, har yau ɗan'uwana da adda yake kwana a bakin rumbunsa, masu zuwa kuma da AK-47 suke zuwa.

Malam Habu: Wancan kiran siyasa ce kawai, domin gwamnatin da ta kasa tsare mutane ce take ce musu su tsare kansu.

Ɗan Gusau: Malam, mun san jam'iyyar da kake yi wa aiki. Da Gwamna Masari ya faɗi irin wannan a Katsina a 2021, ban ji bakinka ba.

Baban Khalifa: Jama'a, ni fa kan surukina na yi tambaya.

Alhaji Nuhu, mai kula da zaure: Na karanta duka. Abin da ya fito fili shi ne Injiniya ya kawo hujja mai ƙarfi cewa SKS ba bindigar soja ba ce a yau, kuma maganar Ɗan Gusau ta nuna darajar mutum ya iya kare iyalinsa. Sauran bayanan tausayi ne ya rinjaye su. Baban Khalifa bai karya doka ba, ya riƙe bindigarsa.

Hajiya Maman Zara: Alhaji, yara 19 na ambata, kuma kai ma kana da irinta a gidanka, ya kamata ka faɗa wa zaure kafin ka yanke hukunci.