Suga ya daidaita, me ya sa likita yake neman ƙarin gwajin jini?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da ciwon suga irin mai kama manya, kuma idan muka huda masa yatsa da safe kafin ya karya kumallo, na'urar takan nuna kusan giram 1.20 a lita. Duk da haka likita ya rubuta masa gwajin HbA1c da na kitsen jini da na ƙoda. Kuɗin yana da nauyi; shin ba za mu iya haƙura da su ba?

Ma'aikaciyar jinya, Marwa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Shawarata kada ku haƙura, domin awon yatsa halin wannan safiyar kawai yake faɗa, shi kuwa HbA1c yana nuna yadda suga ya zauna a jini cikin wata 2 zuwa 3, tunda jajayen ƙwayoyin jini sukan rayu kusan kwana 120. Ga yawancin manya ana so ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin 100. Abin da ya fi damuna shi ne kitsen jini, saboda ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne suka fi halaka masu wannan cuta, kuma kolestarol ɗin LDL, wato mugun kitsen jini, yana taruwa a bangon jijiyar jini ba tare da mutum ya ji komai ba. Ana so LDL ya sauka ƙasa da giram 1 a lita, tiriglisarid (wani nau'in kitsen jini) ƙasa da 1.50, HDL kuma, wanda yake kwashe kitse zuwa hanta, ya haura 0.40 ga namiji. Mai ciwon suga yakan samu tiriglisarid sama, HDL ƙasa, ko da awon safiya ya yi kyau.

Wani malami, Injamena: Malama ta yi bayani. Ku dai sanar da likita idan Baba yana da ƙarancin jini ko sikila, ko an yi masa ƙarin jini kwanan nan, domin waɗannan suna karkatar da sakamakon HbA1c.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa: Haka ne, Malam. Gwajin ƙoda ma kada a bar shi: kiriyatinin (dattin da ƙoda take tacewa) a jini da albumin (wani furotin na jini) a fitsari, aƙalla sau ɗaya a shekara, domin yoyon albumin alama ce ta lalacewar jijiyoyin jini har na zuciya. Idan kuɗi bai kai ba, ku roƙi likita ya jera muku wanda za a fara yi, kuma a riƙa auna hawan jininsa a kowace ziyara.

Ɗan Garwa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan kai shi.