Kalanguna na fita daidai amma ba ya tada masu rawa

Salamu alaikum makaɗa. A Tawa nake koyon kalangu, kuma kiɗan biki mai sauƙi ne ya gagare ni. Na haddace bugun, amma in na kama sai ya fito a sandare, mata su ɗan taka su koma su zauna. Maigidana ya karɓa ya yi bugun nan dai, fili ya cika.

Na rage sauri, na ɗauki kiɗan a waya na saurara. Duk sanda na matse tsarkiya a hammata don murya ta hau, makaɗi, wato sandar da nake bugu da ita, sai ya yi gaggawar sauka, in na saki kuma ya makara. Na sassauta riƙon, sai muryar ta mutu.

Wane atisaye zan yi matsar hammata ta daina jan hannun bugu?