Wace kalma za mu ba "withdrawal" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni da kalma ɗaya. Jiya na ji an fassara withdrawal da "janyewa", abin ya tsaya mini a rai. Soja ne ke janyewa daga fagen daga, ɗan takara ya janye wa wani. Abin da ke samun wanda tiramol ko kodin ya kama, ranar da ya wayi gari babu, daban ne.

A kan ƙanena na gani. Bai cika awa 24 da shan ƙarshe ba sai hamma babu ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, hawaye ba kuka ba, tsigar jiki na tashi ana tsakiyar bazara. Daga nan gudawa, ƙasusuwa kamar ana sara, barci ya ƙaurace masa. Kwana na biyu da na uku suka fi muni. Inna ta ce, "Yaron nan iska ce ta taɓa shi." Da muna da sunan ciwon, da a ranar muka kai shi asibiti.

Wani ya kawo "ƙishirwar ƙwaya". Ta yi daɗi, amma ta fi dacewa da kwaɗayin da ke dawowa ko bayan watanni. "Jaraba" kuma ta haɗe komai, ga zargi a cikinta.

Ni "ciwon yaye" nake gani. Duk uwa ta san yaye: an raba yaro da abin da jikinsa ya saba, ya yi rigima, ya ƙi abinci, a kai shi wurin kaka a yi ta lallashi har ya sake. Kalmar na nuna ciwo ne mai wucewa, kuma mai shi kulawa yake buƙata, ba mari da bulala ba. Inda ta gaza shi ne mu rana ɗaya muke yaye, likita kuwa yakan rage maganin ne sannu a hankali.

Abin ba na gida ɗaya ba ne. Binciken 2018 na Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙididdiga ya ce mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. A Mayun shekarar aka haramta maganin tari mai kodin, masu shansa da yawa suka faɗa yayen dole.

Ma'aikatan asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Kware, me marasa lafiya ke ce masa da bakinsu? 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku fa?