Me zan riƙa dubawa da kaina a mota?

Mai Corolla: Assalamu alaikum. Na sayi Corolla ta hannu, shin me ya kamata in riƙa dubawa da kaina kafin in nemi bakanike?

Direban Zariya: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da baƙin mai da safe kafin ka tayar da inji: ka zaro sandar awo, ka goge ta, ka mayar, sannan ka sake zarowa ka ga ko man yana tsakanin alamomin biyu.

Tsohon Bakanike: Malam, kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto alhali inji yana da zafi, domin ruwan zai feso ya ƙona ka. Da hunturu kuma ƙura kan toshe filtar iska da wuri, saboda haka ka riƙa cire ta kana kakkaɓewa.