Da gaske ne kyauta aka raba wa Jamusawa gonaki a Amurka?

Manomin shinkafa, Argungu:
Assalamu alaikum. An ce a ƙarni na 19 gwamnatin Amurka ta riƙa ba baƙi gonaki kyauta, kuma iyalai da yawa daga Jamus sun amfana. Mu da muka san yadda ake fama kafin a sami hayar fadama, abin yana yi mana wuyar gaskatawa. Shin haka aka yi, kuma wace irin rayuwa magidanci da iyalinsa suka tarar a can?

Malamin tarihi, Gusau:
Wa alaikumus salam, Malam. An yi dokar raba filaye kam, Shugaba Abraham Lincoln ne ya sa mata hannu ranar 20 ga Mayu 1862. Ta ba magidanci, ko duk wanda ya kai shekara 21, damar mallakar eka 160, wato kusan hekta 65, muddin ya gina muhalli, ya zauna a wurin shekara biyar yana nomawa, ya kuma biya dala 18 na rajista. Baƙo ma yana da wannan dama idan ya bayyana wa hukuma niyyarsa ta zama ɗan ƙasa, shi ya sa Bajamushen da ya shiga jirgin ruwa a Bremen ko Hamburg kan iya ƙarewa a Nebraska ko Dakota da takardar fili a hannu.

Sai dai fili kaɗai aka bayar. Shanun huɗa, da garmar ƙarfe, da iri, da abincin da za a ci kafin kaka ta farko, duk daga aljihun mutum suke fitowa. Yankin kuma fili ne fetal, itace ya yi ƙaranci, don haka da garma ake yanko saman ƙasa haɗe da saiwar ciyawa, a datsa shi tubali-tubali, a jera a tayar da ɗaki. Ɗakin yana riƙe ɗumi a lokacin sanyi, amma in aka tafka ruwa rufin kan ci gaba da yoyo ko bayan an ɗauke, har ta kai uwargida na ɗaura ƙyalle a sama don kada ƙasa ta zubo cikin tukunya. Girki kuwa da busasshen kashin shanu da na ɓauna ake yinsa, yara ne masu tsintowa.

Hajiya, Ƙaura Namoda:
Allah ya saka da alheri, Malam. A ganina abin da ya riƙe waɗannan iyalai shi ne zama kusa da juna. Wanda ya riga zuwa kan rubuta wa danginsa wasiƙa su biyo shi, su kama filaye maƙwabtan nasa, su gina coci da makarantar da ake koyarwa da Jamusanci, su riƙa yi wa juna gayya. A 1874 fara ta sauka a Kansas da Nebraska ta cinye amfanin gona ƙurmus, kuma da yawa daga waɗanda ba su da mai tallafa musu sun tattara komatsansu sun bar filin tun shekara biyar ba ta cika ba.

Ɗalibi, Birnin Kebbi:
Da izinin manya, ban yarda a ce kyauta ba, domin ƙasar tana da masu ita. 'Yan asalin yankin ne aka raba da ita ta hanyar yarjejeniyoyin da ba a cika musu ba. A watan Agustan shekarar da aka sa hannu kan dokar, 'yan ƙabilar Dakota, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin yankin, waɗanda yunwa da jinkirin biyansu kuɗin da aka yi musu alkawari suka kai maƙura, sun kai hari garin Jamusawa na New Ulm a Minnesota. A Disamba aka rataye 38 daga cikinsu a Mankato, a 1863 kuma aka kori galibin ƙabilar daga jihar.